Wa Ya Nome Ciyawar? Magana A Kan Maguɗi A Wasannin Waya

 Mun sani sarai akwai waɗanda za su ga kan wannan magana su ja tsaki, su ce ashe mujallar ƙungiyar ɗalibai ta rasa abin bugawa sai zancen wasan yara, alhali ga tsadar abinci, ga kuɗin rajista, ga halin da ƙauyukanmu ke ciki. Muna roƙonsu su daure su kai ƙarshen magana kafin su yanke mana hukunci. Mu dai a namu ganin, wanda ya ga yadda mutum yake yi a wurin wasa, ya ga rabin abin da zai yi ran da aka damƙa masa makullin ofis.

Ga yadda abin ya faru. A hutun da ya wuce, mu 'yan Sanyinna da ke karatu a nan jami'a muka koma gida kamar yadda muka saba. Duk wanda ya san garuruwan ƙasar Tambuwal da Kebbe a 'yan shekarun nan ya san dandalin samari ya tashi daga gindin bishiya ya koma bakin shagon cajin waya, inda janareta ko farantin sola ke ba da wuta. A nan ake hira, a nan ake musun ƙwallo, a nan kuma ake buga PUBG Mobile, wasan nan da ya shigo wayoyi a 2018, wanda akan jefa mutum 100 a tsibiri ɗaya ta intanet, kowa ya nemi makami, fili yana ta ƙuntata, har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya a tsaye.

Wani ɗan kasuwa mai son ganin samari sun haɗa kai ya sa kyauta daga aljihunsa, ya ce a yi gasa tsakanin shiyyoyin gari, kowace ƙungiya mutum huɗu. Ba wanda aka ce ya zuba ko kwabo, balle wani ya ce caca ce. Aka buɗe ɗaki na musamman a cikin wasan, watau filin da ba mai shigarsa sai wanda aka ba lambar sirri, aka zazzauna a kan benci da tabarmi bayan sallar isha'i. Da tafiya ta yi tafiya, sai ya zama ƙungiya biyu ce ke kaiwa ƙarshe a kowane zagaye. Ɗaya ta ƙannenmu ce: 'yan sakandare biyu, da wani yaro mai koyon ɗinki, da wani mai taya mahaifinsa cinikin albasa. Ɗayar kuwa akwai ɗan'uwanmu ɗalibin jami'a a cikinta. Ba za mu faɗi sunansa ko sashen da yake karatu ba, domin ba tozarta shi ne nufinmu ba.

Duk mai buga wasan nan ya san dabarar mai rauni idan fili ya ƙuntata: ya kwanta rub da ciki a cikin doguwar ciyawa, ya yi lamo, ya jira. Kowa kuma ya san cewa daga nesa ƙwarai ciyawa ba ta fitowa a wayar kowa, amma a kusa tana rufe mutum ruf. To, sau uku yaron nan mai koyon ɗinki yana kwanciya a ciyawa, a kusa, bai motsa ba, bai yi harbi ba, sau uku kuma ɗan'uwanmu yana juyowa kai tsaye ya harbe shi a ka. A na ukun sai yaron ya ajiye wayarsa, ya ce cikin ladabi, “Yaya, don Allah ka ba mu wayarka mu gani.” Ɗan'uwanmu ya taso masa, ya ce, “Kai, ni kake tuhuma? Yaushe aka haife ka?” Mai shago, wanda ya girme mu duka, ya sa baki ya ce, “Malam, in babu rami mi ya kawo zancen rami? Miƙo ta, a huta.” Da aka karɓi wayar aka duba, sai ga tsibirin nan fetal kamar filin idi. Ko tsinken ciyawa babu. Wani fayil ne ya sauke daga intanet ya cusa a cikin wasan, wanda ya nome masa ciyawar duka, shi kaɗai.

Maguɗi dai tsohon abu ne, bai ba kowa mamaki ba. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne hujjar da ya kawo, da yadda rabin taron suka karɓe ta hannu biyu. Ya ce a duba a gani: wane da iPad yake wasa, wane kuɗin wayarsa ya kai na babur, wane ya ɗaura maɓallai a saman tasa yana harbi da yatsu huɗu, ba wanda ya ce musu uffan. Shi da wayarsa ke sarƙewa ya sa ɗan fayil don ya kamo su, shi ne za a kira ɓarawo? Nan take wuri ya rabu biyu. Ɗan kasuwa ya naɗe kuɗinsa ya mayar aljihu, ya ce shi da sa kyauta sai wani zamani. Har muka baro gari samarin shiyyoyin nan biyu ba su koma zama benci ɗaya ba. Gardamar kuwa ta biyo mu a mota har Sakkwato, ga ta nan tana yawo a ɗakunan kwananmu. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Kafin mu faɗi inda muka tsaya, wajibi ne mu rarrabe kayan, domin mai maguɗi ba abin da yake so kamar a cakuɗa komai a ƙwarya ɗaya, a ce ai duk ƙari ne. Iri na farko shi ne abin da wasan da kansa ya tanada a cikin saitinsa: ka matsar da maɓallan fuskar waya inda yatsunka suka fi so, ka ƙara musu girma, ka sa bindiga ta bi karkatar wayar. Wannan kowa yana da shi, ba gardama a kansa. Iri na biyu shi ne abin da ake ɗaurawa a jikin waya ko a hannu: maɓallan da ake maƙalawa a sama, safar yatsa don gumi, 'yar fanka mai sanyaya waya, da abin sawa a kunne don jin takun abokin gaba. Iri na uku shi ne manhajar da ake saukewa daban, irin su GFX Tool, wadda ke shiga fayilolin wasan ta rage nauyin hoto, ta buɗe wa waya gudun da kamfani bai ba ta ba. Iri na huɗu kuwa shi ne mai cire ciyawa, da mai nuna mutum ta bayan bango, da mai hana bindiga girgiza, da mai saita ta a kan mutum ba tare da ɗan wasa ya wahala ba.

Gaskiya ɗaci gare ta, amma sai mun faɗe ta: akwai ƙamshin gaskiya a kukan ɗan'uwanmu. Filin nan ba daidai yake ba tun kafin a fara. Wayar talaka tana nuna hoto 25 ko 30 a sakan ɗaya, ta mai hali tana nuna 60, ko 90, wata ma har 120, saboda haka mai babbar waya yakan riga ganin motsi, hannunsa kuma ya fi samun saiti. Bayan wannan ga jinkirin sabis. Kowane harbi sai saƙonsa ya je babbar kwamfutar kamfani ya dawo, wanda kuwa ke zaune a Sanyinna da sanda biyu ta sabis yakan ga ya riga ya shige bayan bango a tasa wayar, alhali a wayar wanda ke birni yana nan tsaye a fili. Ba mu musa wannan ba. Mu ma da muke rubutun nan akwai waɗanda a cikinmu suka taɓa sa GFX Tool don waya ta daina tsayawa a tsakiyar faɗa. Laifi tudu ne, mun kuwa fara da taka namu.

To, amma sai mu tambayi masu wannan hujja: wa aka cuta a daren nan? Mai iPad tun a zagayen farko aka fitar da shi, yana gefe yana shan shayi. Wanda aka harba sau uku a ka shi ne yaron da ya aro wayar wansa, mai fasasshen gilashi, wanda ya tara kuɗin sa maɓalli da kalmasa ya sayi data. Wayarsa ta fi ta kowa rauni a wurin, ciyawar nan kuma ita ce kaɗai garkuwarsa. Fayil ba ya tambayar kuɗin wayar wanda ke kwance. Mutumin da babban ɗan kasuwa ya tauye wa mudu, ya juya ya tauye wa almajiri, sa'an nan ya ce ramuwa ya yi, wa ya rama wa? Har ila yau, a daina kiran abin nan kamo na gaba. Duk tsadar waya, ba wadda ake sayarwa a kanti da ke ganin mutum a cikin ciyawa. Wanda ya cire ta ya wuce kowa ne da kowa, mai kuɗi da talaka, ta hanyar da ba wanda ya sani.

Kafin mu baro gida mun kai maganar gaban wani dattijo, kakan ɗaya daga cikinmu, wanda ya shekara aru-aru yana buga dara a bakin kasuwa. Dara, ga wanda ya tashi a birni bai sani ba, gurabu 30 ne a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokinsa. Muka yi masa bayani iyakar iyawarmu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Ɗiyana, dara ta mutum biyu ta. In na ukku ya sa baki, ko da tari na, wasa ya mutu, sai a zube a sake. Wanga naku, na ukkun shina cikin aljihu, shi ya sa ba ku ganinai.” Mun duba littattafai da shafukan masana, ba mu sami ma'aunin da ya fi wannan ba. Idan idonka ne ya gani, yatsanka ya danna, wasan naka ne, ko ka ci ko a cinye ka. Idan kuwa wani abu ne ya gano maka abin da aka ɓoye wa kowa, ko ya danna a madadinka, to, akwai na uku a wasan. Wanda yake shakkar inda nasa ƙarin ya faɗa, ya gwada kansa da abu ɗaya: zai iya ɗaga waya ya nuna wa abokin karawarsa kafin a fara? Ɗan dambe a gaban jama'a ake ganin naɗin hannunsa, ba wanda ya taɓa kiransa maguɗi. Abin da aka tura a ƙarƙashin zaren a ɓoye shi ne ke jawo a kori mutum daga fage.

Kada wani ya zaci a bakin shagon caji aka fara wannan gardama. Akwai wani wasan kwamfuta na kamfanin Blizzard na Amurka, mai suna World of Warcraft, wanda ya fito a 2004. Tun farko kamfanin ya yarje wa 'yan wasa su rubuta ƙananan manhajoji su ƙara a fuskar wasan, don gyara taswira da jaka da launi. Sannu a hankali sai aka sami irin su Deadly Boss Mods da WeakAuras, masu ƙirga wa mutum lokaci, su yi masa ƙara idan hari na tafe, su nuna masa abin da zai danna. A 2010 sai da kamfanin ya toshe wata mai suna AVR, wadda ke zana wa mutum a ƙasa daidai inda zai tsaya. Sauran suka ci gaba. Masu tsara wasan suka ga ana cinye dodanninsu cikin sauƙi, suka ƙara wa yaƙi wuya. Da yaƙi ya yi wuya, wanda bai sa ƙarin ba ya rasa mai ɗaukarsa a ƙungiya. Abin da ya fara da ganin dama ya koma tilas. A 2025 darektan wasan, Ion Hazzikostas, ya bayyana cewa za su hana irin waɗannan manhajoji karanta abin da ke gudana a tsakiyar yaƙi, su kuma gina wasu daga cikin ayyukansu a cikin wasan don kowa ya samu. Shekara 21 ke nan kafin su dawo inda dattijonmu ya tsaya.

Wannan fa a wasan da aka halatta ƙarin ne tun asali. Ku auna yadda namu zai kasance. Idan aka yarda da cire ciyawa a Sanyinna bana, baɗi kowa sai ya cire, domin ba mai son a mai da shi abin harbi. Ran da kowa ya cire, ba wanda ya ƙaru da komai, an dai kashe dabarar kwanciya, wadda ita ce ta mai raunin waya. Daga nan mai neman fifiko zai nemo mai ganin bayan bango, shi ma da hujjarsa. Ƙarshenta a tara samari 32 a bakin shago, a ƙona data da man janareta, don a gano wanda ya fi sanin inda ake sauke fayil.

Masu cewa ai gani kawai ne, ba ita ta yi harbin ba, ga nasu. A Janairun 2023, a wasan Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix na Japan, wata ƙungiya ta riga duk duniya cinye wani yaƙi mai tsananin wuya. Sai ga hoton bidiyo ya fito yana nuna an yi amfani da manhajar da ke ja da kyamara baya fiye da yadda wasan ya yarda, don a ga filin gaba ɗaya. Ba ta buga wa kowa komai ba, gani kawai ta ƙara. Shugaban wasan, Naoki Yoshida, ya fito ya bayyana cewa in bincike ya tabbatar da haka, shi ba zai ɗauke su a matsayin na farko ba, daga baya kuma aka ƙwace lambar girma da makaman da suka samu. A wasan ɓuya, ai gani shi ne cin.

Yanzu kuma sai mu juyo kanku, ku masu manyan wayoyi, domin mun ga yadda kuke ta gyaɗa kai tun ɗazu. Ku ma ba ku fita ba. Kun fi kowa ɗaga murya a kan tsabtar wasa, kuna kiran mai maɓallai masu araha ɓarawo, alhali fuskar iPad ɗinku ta fi nuna sama da ƙasa, mutum kuma ya fi girma a cikinta. Kuna ganin abin da aka saya da kuɗi a kanti ba ya zama rashin adalci. To, ku ji. A Agustan 2024 kamfanin Valve, mai wasan Counter-Strike 2, ya hana amfani da wata dabara da ke cikin wasu madannan kwamfuta masu tsada, irin wadda kamfanin Razer ya sa wa suna Snap Tap, domin tana yi wa ɗan wasa aikin sakin wani maɓalli da kama wani a daidai lokaci, abin da gwanaye kan daɗe suna koyo. Da kuɗi aka saye ta, da rasit, duk da haka aka ce ba ta shiga fage. A manyan gasannin PUBG Mobile ma ba a yarda da iPad ko kwamfuta ko maɓallan ɗaurawa ba, a zagayen ƙarshe kuma akan ba 'yan wasa waya iri ɗaya.

Maƙwabtanmu na Argungu sun daɗe da gane wannan. Bikin kamun kifi da ake yi a kogin Matan Fada, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, masunta ba su faɗa ruwansa sai da homa da gora. Mai jirgin inji da babbar koma halaliyarsa ne, ba wanda ya ce ya sato su, amma ran gasa a gida zai bar su. A 2008 kuma da aka gano cewa kifin da ya zo na ɗaya, mai nauyin fiye da kilo 60, ba a ruwan nan aka kama shi ran nan ba, kawo shi aka yi daga wani wuri, sai aka ƙwace kyautar. Ga hukunci biyu a biki ɗaya: mai hali ya ajiye kayansa a gida, mai wayo ya mayar da abin da ya karɓa. Wanda yake son na biyu ba ya son na farko, kansa yake so, ba adalci ba.

Mutum ɗaya ne ba za mu yarda a haɗa shi da kowa a wannan shari'a ba, shi ne wanda shan inna ta taɓa hannunsa, ko wanda injin niƙa ya ci yatsansa, ko wanda idonsa ba ya rarrabe launi. A gardamar World of Warcraft ma irin waɗannan sun koka cewa wasu manhajojin su ne idonsu da kunnensu. Maɓallin da ya mayar wa mai yatsa uku abin da mai biyar yake da shi bai kawo na uku a wasa ba. A ba shi, a fili, kowa yana gani.

GFX Tool fa? A nan ne muka fi jin nauyi, domin mun san yawancin masu sa ta ba ganin kowa suke nema ba, so suke waya ta motsa. Duk da haka mun tsaya a kan cewa ba ta shiga gasa. Dalili kuwa, ƙofar da take bi ta shiga fayilolin wasa, ita ce mai cire ciyawa yake bi, ba kuma alƙalin da zai iya tsayawa a bakin shago da dare ya rarrabe wanda ya rage nauyin hoto da wanda ya rage ciyawa. Ban da wannan, dokar kamfanin ta hana taɓa fayilolinsa, yakan kuma rufe asusun wanda ya kama da maguɗi har na shekara 10. Sa'an nan wa ya rubuta fayilolin nan da ake rabawa kyauta? A 2021 kamfanin Activision, mai wasan Call of Duty, ya fitar da rahoto cewa ana ɓoye manhajar kutse a cikin abin da ake tallatawa da sunan kayan maguɗi. Wayar da kake cusa wa baƙon fayil ita ce wadda ake turo maka kuɗin makaranta a cikinta. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mun yi alkawari tun farko cewa maganar ta wuce wasa, to ga inda ta kai. Ku sake sauraron hujjar nan: filin ba daidai yake ba, wasu sun fi ni gata, saboda haka na halatta wa kaina abin da aka hana. Ina kuka taɓa jin ta? Ita ce hujjar mai shiga ɗakin jarrabawa da takarda a cikin hula, yana cewa ai 'ya'yan masu kuɗi an ɗaukar musu malamai a gida. Ita ce ta ma'aikacin da ke cewa albashi ba ya kai ƙarshen wata, manya kuma suna cin abin da ya fi haka, sai ya karkatar da takin da aka aiko wa manoma. Rabin farko na maganarsu gaskiya ne a ko da yaushe, shi ya sa take da daɗin ji. Amma wanda yake biyan kuɗin rabi na biyu kullum na ƙasa da su ne: ɗalibin da ya kwana yana karatu, da manomin da ya dawo gida hannu rabbana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa yanzu ne muke ɗanye.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. A garuruwanmu har yau akwai iyayen da ke kallon boko da shakka, ƙannenmu kuma mu suke kallo su ga abin da jami'a take mayar da mutum. Yaron nan Yaya ya ce, a gaban jama'a, cikin ladabi. Me ya koya a daren nan? Ya koyi cewa wanda ya yi karatu ya fi iya cuta, in an kama shi kuma ya fi iya tsara magana har rabin gari su goya masa baya. Wannan hasara ta fi ƙarfin kyautar ɗan kasuwa.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai, ta hannun sakataren wasanni, da ta rubuta dokar gasa da Hausa a shafi ɗaya, a yi aiki da ita a nan makaranta, kowa kuma ya tafi da ita garinsu. Ga abin da muke ganin ya kamata ta ƙunsa. Na farko, a naɗa alƙali wanda ba ya cikin kowace ƙungiya, ya duba kowace waya kafin a fara, ya sake duba ta waɗanda suka ci kafin a miƙa kyauta. Na biyu, duk manhaja ko fayil da ke taɓa cikin wasan ba ya shiga, kome ƙanƙantarsa. Na uku, kowa ya saita hotonsa da gudunsa daidai da abin da waya mafi rauni a gasar za ta iya ɗauka, masu iPad da kwamfuta kuma a ware musu tasu gasar. Na huɗu, maɓallan ɗaurawa a yanke hukuncinsu tun kafin a zauna, ko kowa ko babu, ban da mai naƙasa. Na biyar, wanda aka kama a soke sakamakonsa, ya zauna a gasa ta gaba, amma ba duka, ba zagi, ba yaɗa hotonsa a Facebook, in ya nemi gafara kuma a karɓe shi. A wannan doka talaka ya rasa fayilinsa, mai hali ya rasa gudunsa. Idan kowane ɓangare ya ɗan ji zafi, alama ce ta cewa mudun ya cika daidai.

Daga ƙarshe, ga ɗan'uwanmu, wanda mun san yana karanta wannan mujalla. Ba mu yar da kai ba, tare muka taso, tare muke shiga mota. Hutu yana tafe, shagon ɗinkin nan kuma yana nan inda ka san shi. Ka je da rana, ka yi sallama, ka gaida mai shago, ka ce wa yaron nan ya yi haƙuri, shi ya ci. Ba za ka ragu da komai ba. In ka yi haka, mu da kanmu za mu je mu roƙi ɗan kasuwa ya sake fito da kyautarsa, a zauna benci ɗaya, a bar ciyawa inda take.

Allah ya sa mu gane gaskiya, ya ba mu ikon binta. Mu kwana nan.